Kulɓar da ke Gindin Randar Inna

Shekaranjiya 'yar jikata ta fito daga banɗaki a guje tana ihu, wai ta ga marguya. Na dafa bango na je na duba, ashe tsaka ce manne a bayan ƙofa, ko motsi ba ta yi. Na ce mata wannan tsaka ce. Ta ce ai duk ɗaya ne, haka ake ce musu a lekol, wato makarantarsu. Raina ya ɓaci ƙwarai, fiye da yadda maganar ta kai. Yaran Garwa na yanzu duk abin da ke da ƙafa huɗu da wutsiya yana bin bango marguya ne a wurinsu, kalma ɗaya ta Faransanci ta haɗiye sunaye bakwai. Ban ga laifinsu sosai ba. Gidajen sun koma siminti da kwano, babu ramin da wata halitta za ta raɓe, to ina za su gan su balle su bambance? Tun daga ranar nake ta tunanin Iya, da wani abu da na yi da hannuna ina yarinya, wanda waɗanda suka san shi duk sun riga ni tafiya.

Lokacin da nake faɗa Jamus ke riƙe da garin. Barikinsu na can sama, mu muna ƙasa wajen kogin Binuwai, unguwar Hausawa, mahauta da fatake da masu rini. Babana mahauci ne. Gidaje duk na ƙasa ne da dangar zana, kuma in bazara ta kama, rana ta take, garin yakan yi tsit kamar an kwashe mutanensa. Ba daka, ba kiran tallar nono, karnuka ma sun shige ƙarƙashin rumbu. Abin da kawai za ka ji shi ne sur-sur-sur a jikin zana, ƙadangaru suna harkarsu. Manya suna hana mu fita a wannan lokaci, suna cewa tsakar rana ba tamu ba ce mu kaɗai, akwai masu wucewa da ba a gani. Yanzu da tsakar rana babura ne ke ta kuka a bakin titi, ko masu wucewar suna nan ba wanda zai ji takunsu.

Iya ita ce kakata, uwar Inna mahaifiyata. Da mijinta ya rasu ta dawo gidanmu da zama, tana kaɗi tana karɓar haihuwa. Ubanta maharbi ne, a wurinsa ta koyi sanin duk abin da ke jan ciki. Wannan sani kuwa yana da amfani a lokacin. In wani abu ya faɗa cikin ƙwaryar nono ko tukunyar miya, ba a zubarwa ba a kuma ci sai an kira Iya ta gani. Har daga unguwar Fulani ake aiko mata. In ta ce ƙadangaruwa ce, a tsame a ci abinci. In ta ce tsaka ce, a zubar har tukunyar a ƙone, don mun yarda tsaka na kawo ciwon fata mai cin yatsu. Ba a taɓa jin ranar da Iya ta faɗi suna ya zama ba shi ba.

Ni ta zaɓa ta koya wa, don ni ce mai naci. Takan zaunar da ni a inuwar ɗakinta tana murza mazari, ta ce kada in yi saurin kallon launi, launi yana ruɗi. In fara da yatsu, in koma wutsiya, sannan in duba inda abin ya zaɓa ya zauna. Mai jan kai da ke hawa kan katanga yana gyaɗa kai kamar shi ya gina gidan, kiski ne, namijin ƙadangare. Matarsa toka-toka ce, ba ta da ado. Tsaka fatarta kamar ta jariri, yatsunta masu faɗi, idonta ba ya ƙiftawa, kuma ba ta son rana. Damo yana bayan gari cikin suri, guza yana bakin kogi inda jinin mahauta ke gangarawa. Kulɓa kuwa santsi gare ta da sheƙi kamar an shafa mata man shanu, ƙafafunta gajeru, tana tafiya tana lanƙwasa irin ta maciji, kuma inda danshi yake nan za ka same ta. Kafin in isa ɗaukar tulu na iya su duka, har da ido a rufe ina gane mai gudu a kan zana daga ƙarar ƙafarsa. Kaina ya kumbura. Iya takan ce mini sarauniyar iyayi, kuma ba ƙarya ta yi mini ba.

A ɗakin Inna, gindin randar ruwa, akwai wata kulɓa da ba irin sauran ba. Wutsiyarta biyu ce, ta rabu daga tsakiya kamar gwafa, kuma a ƙafarta ta gaba ta hagu yatsu huɗu ne maimakon biyar. Wutsiyar kowa ya sani. Yatsun kuwa ni da Iya kaɗai muka lura, don mu ne masu ƙirga irin wannan. An ce ta bayyana ne ranar da Inna ta haife ni, bayan ta sha naƙuda har an fid da rai da ita. Tun daga nan Inna ba ta ɗiban ruwa ba ta ɗiga mata kaɗan a ƙasa ba. In Inna ta yi tafiya ba a ganin kulɓar, in ta dawo sai ga ta. Maƙwabciyarmu Goggo Adama, wata Bafilatana mai yawan magana, ita ta fara cewa ai wannan kurwar Inna ce ta fito take zaune kusa da ita. Iya ba ta taɓa cewa haka ne ba, ba ta kuma taɓa cewa ba haka ba ne. Abin da kawai ta ce mini shi ne ta gida ce, ba a taɓa ta.

A barikin akwai wani likita Bajamushe, dogo, siriri, idanunsa kamar na mage. Shi ba ya cikin masu sa a yi wa mutane bulala ko a kama su ɗaukar kaya, amma an fi tsoronsa. Dalili kuwa, da tsakar rana yake fitowa, daidai lokacin da mai hankali ke cikin ɗaki, yana bin lungunan unguwa da raga a bakin sanda. Tafintansa, wani tsohon soja, na biye da shi da akwatin kwalabe. Ƙadangaru yake kamawa, ya jefa su cikin wani ruwa mai warin giya ya toshe. Mu kuwa mun san wanda ke kama ƙananan halittu ya ɓoye su. Maye ne ke ganin kurwar mutum cikin siffar ƙadangare ko tsuntsu, ya cafke, mai ita ya kwanta ciwo. Saboda haka in aka hango farar hularsa a bakin lungu, uwaye sukan janye 'ya'yansu su saki asabari.

Ran nan Inna ta tafi kogi wanki, Baba na mahauta, Iya ta kishingiɗa barci ya ɗauke ta. Ina zaure ina leƙe ta ramin zana sai ga su a ƙofar gidanmu. Baturen ya kama wata kulɓa ta bakin magudanar ruwa, ya ɗaga ta yana tambayar sunanta da Hausa, da alƙalami a hannunsa. Tafintan ya ce ƙadangare. Baturen ya nuna masa wata kwalba mai tsaka a ciki, tafintan ya sake cewa ƙadangare. Wallahi ji na yi kamar an mare ni. Ban san lokacin da na fito ba, na ce wannan kulɓa ce, waccan tsaka ce, kuma wanda bai san bambancinsu ba bai kamata a tambaye shi ba. Tafintan ya harare ni. Baturen kuwa ya durƙusa daidai tsayina, ya fito da kwalaben ɗaya bayan ɗaya, ina faɗa yana rubutawa. Ba a taɓa rubuta maganata ba sai ran nan. Daɗi ya kwashe ni, na ce ai waɗannan ba komai ba ne, mu muna da mai wutsiya biyu.

Tafintan ya juya masa maganar, sannan ya yi dariya ya ce mini ƙaryar yara ba ta da kai. Wannan dariyar ce ta ja ni. Na shiga gida a hankali na wuce Iya tana barci, na ɗauki ƙoƙo, na durƙusa gindin randar. Kulɓar tana nan kwance a cikin danshi. Ba ta gudu ba. Kulɓa ba ta tsayawa a kama ta, amma wannan ta ɗaga kai ta dube ni, na kifa mata ƙoƙon. Niyyata in nuna musu kawai in mayar da ita. Da na buɗe, Baturen ya yi wata magana da yarensu, ya sa yatsu biyu ya ɗauke ta, kafin in buɗe baki ta shige kwalba. Na ga ta yi iyo sau biyu, wutsiyoyin suna kaɗawa kowace da nata gefen, sannan ta tsaya da cikinta a jikin gilashin. Ya shafa kaina suka wuce. Na tsaya da ƙoƙo a hannu, unguwa shiru, rana na dukan ƙeyata.

Da la'asar Inna ta dawo daga kogi tana rawar sanyi, a cikin wannan zafin. Kafin magariba ba ta gane mutane. Kwana uku zazzaɓi yana kama ta yana saki, aka yi rubutu aka yi turare, sai ya fara sauƙi. A rana ta huɗu ta miƙa hannu ta ɗebi ruwa, ta ɗiga a ƙasa yadda ta saba, ta jira. Ba abin da ya fito. Goggo Adama na zaune a wurin, sai ta dafe ƙirji ta ce ita fa ta hango mai farar hula a ƙofar gidan nan ranar da ciwon ya fara, yana toshe kwalba. Ni ba ta gan ni ba, zana ta kare ni. Inna ta ji. Ba ta yi kuka ba, ta dai juya fuskarta bango. Daga ranar ta daina karɓar ko kunu, ta ce wanda aka riga aka kama me zai yi da abinci. Zazzaɓin ya tafi, amma ita tana ta ƙarewa muna kallo. Maganin kamun maye a wurinmu shi ne a sa mayen ya tsallake maras lafiya ya saki abin da ya riƙe. To wa zai je bariki ya ce wa Bajamushe ya zo ya tsallake matar mahauci? Baba ya zauna a zaure ya rasa abin yi. Ni kuwa ko barci ba na iyawa, ina ganin uwata tana mutuwa kuma na san hannun da ya yi.

Iya ba ta tambaye ni komai ba. Ta ga ƙoƙon a inda ba wurinsa ba, ta ga na daina cin abinci, ya ishe ta. Ran kwana na bakwai da rana tsaka ta yafa zanenta, ta kama hannuna, ta leƙa gidan Goggo Adama ta ce ta taso ta raka mu, tunda ita ta gani da idonta. Goggo ta so ta noƙe, Iya ta tsaya mata a ƙofa har ta fito. Muka hau tudun bariki ƙasa na ƙona mana tafin ƙafa. Tafintan ya gane ni, ya buɗe baki zai yi magana, Iya ta riga shi, ta ce a gaya wa likita tsohuwar da ta san sunayen ta zo ganin kayansa.

Aka shigar da mu ɗakin likitan. Ɗakin yana da sanyi da duhu, ga warin nan. Kwalabe ne jere a kan katako tun daga ƙasa har rufi, kowace da farar takarda a wuyanta, kowace da mai ido a ciki. Duk launinsu ya koɗe, kiski ma jan kansa ya tafi, sun yi fari kamar an wanke su. Duk inda ka juya suna kallonka. Goggo Adama ta kama salati ƙasa-ƙasa. Iya ta bi su a hankali kamar mai zaɓen tukunya a kasuwa, har ta tsaya a kan tamu. Baturen ya sauko mata da ita da murnarsa. Ta kai ta bakin taga, ta juya ta, ta sake juyawa. Ina gefenta, na ga wutsiya biyu, na ga ƙafar hagu ta gaba a manne da gilashi, na ƙirga yatsu huɗu. Na san ita ma ta ƙirga.

"Ba ita ba ce," in ji Iya. "Adama, matso ki gani. Wannan namiji ne, dubi kaurin wuyansa. Tamu mace ce. Wannan na bakin magudana ne, na sha ganinsa."

Na ɗaga kai zan yi magana, ta matse mini yatsu har suka yi ƙara. Goggo Adama ta leƙa daga nesa ta ce lalle kam, yanzu da aka faɗa ta ga wuyan. Iya ta miƙa wa Baturen kwalbarsa muka fito. A hanya ta bar Goggo ta yi gaba, don ta san kafin mu isa labari ya gama unguwa. Sannan ta tsaya a gindin wata tsamiya, ba ta ko dube ni ba.

"Abin da kika ƙirga, ki haɗiye shi," ta ce. "Ran da ya fito daga bakinki, ran nan za mu binne uwarki."

A gida ta zauna bakin gadon Inna ta ce mata ta je ta gani da idonta, na cikin kwalba ba nata ba ne. Tata ta shige rami ne saboda zafi, da ruwan farko na damina za ta fito. Inna ta juyo ta daɗe tana kallon uwarta. Duk garin ba wanda ya taɓa kama Iya da kuskuren suna, Inna ma ba ta taɓa ba. Ta ce a ba ta kunu. Cikin mako guda ta fara fita tsakar gida, amma kullum da safe sai ta ɗiga ruwa a gindin randa ta tsaya tana jira. Ni kuma na shiga kallon sama da tsoro. Kowa na roƙon ruwa, ni kaɗai a Garwa nake roƙon kada ya sauko, don na san in ya sauko ba abin da zai fito.

Ruwan ya sauko wata rana da hantsi. Da ya ɗauke, ƙasa na ƙamshi, sai muka ji Inna tana dariya a ɗaki tana kiranmu. Kulɓa ce kwance a gindin randar, tana sheƙi, wutsiyarta biyu. Na durƙusa kamar mai murna na duba ƙafar hagu. Huɗu. Na ɗaga ido na ga Iya tana kallona, ni ma ina kallonta. A raina na ce lalle tsohuwar nan ta wuce inda nake zato. Ita ta taɓa gaya mini cewa in wutsiyar kulɓa ta tsage ba ta guntule ba, wata takan tsiro a gefenta. Na ɗauka ta kamo wata ta yi mata haka a ɓoye, ta cire mata yatsa, ta yi kiwonta har ruwa ya zo. Na ƙara girmama ta, na kuma kama bakina.

Shekaru suka wuce. Aka yi ta harba igwa a kan tudun har Jamus suka fita, wasu Turawan suka shigo. An ce kwalaben likitan duk an farfasa su, ban je na duba ba. Na yi aure, na haihu, sannan Iya ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. Ina jinyarta wata rana da azahar, mu biyu kaɗai, sai ta kama hannuna ta ce akwai abin da take so ta sani kafin ta tafi. Ta ce ta daɗe tana mamakina, yarinya ƙarama, yaya na yi na sa wutsiyar ta rabu cikin 'yan makonni, ita da ta san abin yana ɗaukar watanni.

"Iya, ni?" na ce. "Ai na ɗauka ke ce."

Ta girgiza kai. Can ta ce in je ɗakin Inna in dubo. Na je. Kulɓar tana nan a cikin danshi, ta ɗaga kai ta dube ni irin kallon ranar ƙoƙo. Na dawo na ce tana nan. Iya ta tambaye ni, ni da ta koya wa sunan komai, mece ce wannan. Na ce ban sani ba. Ta ce ita ma haka.

"To ki riƙa zuba mata ruwa," ta ce, "kada kuma ki sake ƙirga mata yatsu."

Inna ta rayu har ta goya jikokinta, ta ga 'ya'yansu. Kulɓa ba ta yin rabin waɗannan shekaru, na sani sarai, amma duk tsawonsu tana gindin randar. Ban gaya wa Inna komai ba har ta koma ga Allah. Ranar da aka fita da ita na ɗaga randar, ba komai sai danshi.

Gidan an rushe shi tuni, titi ya bi ta kansa. A nan inda nake zaune ruwa daga famfo yake zuwa, amma na sa an ajiye mini randa a ɗaki, yara suna ta yi mini dariya wai tsohuwa ba ta yarda da firji ba. Ban taɓa gaya musu dalili ba. Kullum da safe in na ɗebi ruwa nakan ɗiga kaɗan a ƙasa, sannan in kau da kaina, don ban san abin da zan yi ba in wani abu ya fito.